Amsa: Fibromyalgia ce ke sa Mama tangaɗi?

'Yar'uwa, kin ce Mama na tangaɗi in tana tafiya kuma hoton ƙashi bai nuna komai ba, to fibromyalgia, wato cutar da ke sa ciwo mai daɗewa ko'ina a jiki, na iya sa haka, ba ta cin gaɓoɓi, ƙwaƙwalwa ce ke ƙara wa ciwon ƙarfi. Shi ya sa taku ke gajarta, ƙafa ta yi nauyi, da safe jiki a sandare, tashi daga sujada ma sai an dafa bango. Ga rashin barci mai kyau da gajiya. Amma ki duba maganinta, amitriptyline da pregabalin kan sa jiri, a faɗa wa likita, kar ta daina da kanta. Ta riƙa ɗan tattaki kullum ana ƙarawa a hankali, kwanciya duk yini ƙara sandarewa yake. Banɗaki kuma a kula da santsi don Allah.