Tambaya da Amsa: Kalori nawa motsa jiki ke ƙonawa?

Wasiƙun wannan makon daga Zamfara da Kebbi suka fito, kuma duk a kan lissafin kalori ne, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci da wanda jiki ke ƙonawa, ga masu son rage ƙiba. Masana abinci da motsa jiki na wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 38, nauyina kilo 82. Wata guda ke nan ina fita tattaki bayan sallar asuba tare da maƙwabciyata, minti 45, kwana biyar a mako. Manhajar wayata tana nuna mun yi kilomita uku da rabi, wai na ƙona kalori 400. Na hau sikeli a kemis, ko rabin kilo ban rage ba. Wayar ce ke yi mini ƙarya, ko jikina ne ba ya jin motsa jiki?
Daga wata uwargida, Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Jikinki lafiyarsa ƙalau, lissafin wayar ne ya zarce gaskiya, kuma da biro da takarda za ki iya gane haka.

Akwai ma'aunin nauyin aiki da ake kira MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ƙonawa idan mutum yana zaune shiru, kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa a cikin awa guda. Ke mai kilo 82, ko kan tabarma kika zauna kina lazimi, kalori 82 na tafiya a awa. Sauran ayyuka kuma ana ninka su a kan wannan. Tun 1993 masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Barbara Ainsworth, suka fitar da kundin da ya ba kowane aiki lambarsa, ana kuma sabunta shi. A kundin na 2011, tafiya matsakaiciya, kilomita biyar ba kaɗan a awa, MET 3.5 ce. Tafiya da sauri, kilomita biyar da rabi a awa, 4.3. Sassarfar kilomita takwas a awa ta ɗan haura 8. Tuƙa keke a hankali 4 ne.

Lissafin shi ne: MET sau nauyi sau awa. Kilomita uku da rabi a minti 45 tafiya ce ta MET 3.5, minti 45 kuwa kashi uku cikin huɗu na awa ne, wato 0.75. To 3.5 sau 82 sau 0.75 ya ba da kalori 215. Saura mataki ɗaya, wanda yawancin mutane da manhajoji ke tsallakewa. A cikin 215 ɗin nan akwai abin da za ki ƙona ko da kina kwance a ɗaki, kuma wannan bai shiga ribar tattaki ba. Sai ki cire 1 daga lambar MET kafin ki ninka: 2.5 sau 82 sau 0.75, kalori 154. Ribarki ta gaskiya ke nan a kowace fita. Idan kina son gwaji na biyu, tafiya a ƙasa mai shimfiɗa tana cin kusan rabin kalori ga kowane kilo a kowace kilomita: 0.5 sau 82 sau 3.5 ya ba da 143. Kin ga amsoshin biyu sun yi kusa, babu wadda ta doshi 400.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Fita biyar a mako kalori 770 ne, kenan sai an yi mako goma kafin tattakin shi kaɗai ya cire kilo guda. A wata ɗaya abin da za a sa rai bai kai rabin kilo ba, daidai da abin da sikelin kemis ya gaya miki. Har ma jiki yana da wata dabara ta tsimi: idan aka ƙara masa aiki, yakan rage kashe kuzari ta wani ɓangaren. Wani bincike na 2021 a kan mutane fiye da 1,700 ya nuna a matsakaici kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona da motsi jiki yakan mayar da shi ta wannan hanya.

Inda ribar ke zurarewa kuwa, galibi a kicin ne. Lemon kwalba na roba mai santilita 50 yana da kalori wajen 200, ya cinye tattakin safiyar har da ɗoriya. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kalori 120 ne, ki tuna cokali nawa ake kwarara wa miyar taushe ko a yaryaɗa kan ɗanwake. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, amma wa ke tsayawa a ɗaya in ana dama fura ko koko? Kuma wanda ya dawo daga tattaki yana ganin ya ƙona 400 sai ya ga ya cancanci ƙarin masa biyu.

Kada ki bar fitar nan, don amfaninta ga zuciya da sukarin jini da barci ya wuce abin da sikeli ke nunawa, kuma minti 225 da kike yi a mako sun shiga cikin minti 150 zuwa 300 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ki ƙara sauri har ki kai inda za ki iya yi wa maƙwabciyarki magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, ki kai shi awa guda. Hakan MET 4.3 ne, in an cire 1 zai ba ki 3.3 sau 82, kalori 270. Sannan ki cire wajen 300 daga abinci ta hanyar mai da sukari da lemo. Da waɗannan biyun, kusan rabin kilo a mako abu ne mai yiwuwa. Ki kuma duba manhajar, sau da yawa ba a shigar mata da nauyi da tsawo na gaskiya ba.

TAMBAYA: Ina buga ƙwallo da yamma, kusan awa ɗaya da rabi, nauyina kilo 75. Nakan sa rigar leda a ciki don in yi zufa sosai. In na auna bayan wasa sai in ga kilo ɗaya da rabi ya tafi, agogon hannuna kuma ya nuna kalori 1,100. Amma kashegari nauyin ya dawo. Ina matsalar take?
Daga wani ɗalibi, Birnin Kebbi

AMSA: Ɗan'uwa, kafin komai ka cire rigar ledar nan, daga yau. Abin da ke barin jikinka ruwa ne. Lita ɗaya ta zufa kilo ɗaya ce a sikeli, da ka sha ruwa ta dawo. Da a ce kitse ne kilo ɗaya da rabin, sai ka ƙona kalori sama da 11,000 a yammaci guda, abin da ɗan Adam ba ya iyawa. Zufa aikinta sanyaya jiki idan ta bushe a kan fata. Leda tana hana ta bushewa, zafi ya taru a ciki. A watannin Maris zuwa Mayu da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, wannan hanya ce ta jiri, ɗaurewar jijiya, suma, har da taɓa ƙoda. Wanda ya fara rikicewa ko ya daina gane mutane a fili, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya asibiti.

Ƙwallon unguwa MET 7 ce, ta gasa kuma takan kai 10. In ka cire ɗaya, 6 sau 75 sau 1.5 ya ba da 675. Sai dai ka yi wa kanka adalci: a cikin minti 90 ɗin akwai jiran a ɗauko ƙwallo daga bayan katanga, da gardamar fanareti, da hutun shan ruwa. Idan wasan gaske awa ɗaya ne, 450 ke nan. Mai tsaron gida ma bai kai haka ba.

Agogon kuwa daga bugun zuciya yake ƙiyasta kalori. Zafi, ƙarancin ruwa a jiki, shayi mai kauri da zumuɗin wasa duk suna ɗaga bugun zuciya ba tare da aikin tsoka ya ƙaru ba, sai agogo ya ɗauka aiki ne ya rubuta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan agoguna guda bakwai. A ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. A lissafin kalori kuwa, wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Ka yi amfani da shi wajen kwatanta wasan yau da na jiya, amma kada ka auna tuwon dare da lambarsa.

Auna kai kafin wasa da bayansa yana da amfani ɗaya: yana gaya maka ruwan da za ka mayar. Kowane kilo da ya tafi, ka sha lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a hankali cikin awannin da suka biyo.

TAMBAYA: Mu da ba mu zuwa filin motsa jiki, daka da jan ruwa a rijiya da aikin fadama suna cikin lissafi?
Daga wata mai karatu, Argungu

AMSA: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Daka yakan kai ninki biyar na abin da jiki ke ƙonawa a hutu, ya fi tafiya da sauri. Noma da fartanya ma yana wajen ninki huɗu zuwa biyar, shara kuma wajen uku. Abin lura biyu ne. Ki ƙirga mintunan da taɓarya ke sama da ƙasa kawai, ban da na sheƙa da tankaɗe da hira: mai kilo 70 da ta yi minti 20 tana daka ta samu ribar kalori wajen 95. Na biyu, aikin da kika saba yi kullum nauyinki na yanzu ya riga ya daidaita da shi. Wanda zai kawo sauyi shi ne abin da kika ƙara a kai, ko kika rage a kwano.

TAMBAYA: Tunda lambobin nan duk ƙiyasi ne, ta yaya zan san ina ci gaba? Shekarata 52, ina shan maganin hawan jini.
Daga wani malamin makaranta, Talata Mafara

AMSA: Malam, sikeli da tef ɗin tela su ne alƙalai. Ka auna kanka da safe bayan ka kewaya, kafin ka ci ko ka sha, da kaya marasa nauyi, a sikeli ɗaya da ke kan daɓe mai tauri. Ka yi haka sau uku a mako, ka haɗa ka raba uku, ka rubuta a littafi. Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye a tsakanin kwanaki saboda gishiri da ruwa da abin da ke cikin hanji, don haka awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci. Duk mako biyu ka zagaya tef a ƙugu daidai cibiya, bayan ka fitar da numfashi, ba tare da shanye ciki ba. Abin nema shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170, ƙasa da 85.

Bayan mako huɗu ka juya lissafin. Idan kilo ɗaya ya tafi, ka raba 7,700 da kwana 28, ka ga giɓin gaskiya tsakanin abin da ka ci da abin da ka ƙona kalori 275 ne a rana, ko me waya ta ce. In bai motsa ba, ka ƙara minti 15 a tafiya ko ka cire wani abu mai mai daga abinci, ka sake jiran mako huɗu. Da nauyi ya sauka da kilo biyar sai ka sake lissafin MET, don jiki mara nauyi ba ya ƙona abin da mai nauyi ke ƙonawa.

Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol da propranolol, suna rage bugun zuciya, saboda haka agogo ba zai ba ka lamba mai ma'ana ba. Ka dogara da numfashinka da iya magana. Ka shaida wa likitanka kafin ka fara sassarfa ko ɗaga ƙarfe, kuma in ka ji nauyi a ƙirji, jiri, ko haki da ya wuce ƙima, ka tsaya nan take a duba ka a ranar.