Amsa: nisan Kano zuwa Jidda a jirgin sama

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Hajiyarku za ta tafi umara, karonta na farko kenan a jirgi, kana son sanin nisan Kano zuwa Jidda da awa nawa za ta yi a sama.

To in aka ja layi miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wajen kilomita 3,400 ne. Jirgin da ba ya tsayawa ko'ina yana cinye wannan a awa huɗu da rabi zuwa biyar, ya bi ta saman Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya sai saukowa. Amma fa tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage da yawa suka koma zagayawa, sai tafiyar ta ƙara tsawo.

In kuma tikitin nata na yada zango ne a Addis Ababa ko Alƙahira to lissafin ya canja, zaman jira kaɗai zai iya cin rabin yini, kuma wallahi ga dattijuwa wannan zaman yafi tashin wahala, ni dai da za a samu direk ko da ƙarin kuɗi shi zan zaɓa mata.

Kar ka manta agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, lokacin saukar da ke jikin tikiti nasu ne ba namu ba. A sa mata maganinta da rigar sanyi a jakar hannu don akwai sanyi a cikin jirgi. Allah ya kai ta lafiya ya karɓi ibada.