Duƙushi ɗan wace jiha? Amsoshi kan rajistar dawakin sukuwa a Amurka

Wasiƙar farko daga wani ɗan'uwa ce da ke aikin barga a jihar New York. Shi da abokinsa sun haɗa kuɗi sun sayo goɗiya mai ciki daga wata gona a Kentucky, ingarman da ya hau ta ma na can ne. Yana tambaya: in ta haihu a wurinsu, duƙushin ɗan Kentucky ne ko ɗan New York?

Malam, inda duƙushi ya faɗo nan ce jiharsa, ko ubansa daga ina yake. Amma faɗuwa kaɗai ba ta ba shi takardar ɗan jiha. Rajista biyu ce. Ta farko ta ƙungiyar Jockey Club ce, wadda aka kafa a 1894, ita ke riƙe da littafin asalin dawakin sukuwa da ake kira Thoroughbred. Ta biyu ta jiha ce, kuma kowace jiha da nata sharaɗin. A New York, goɗiyar da ba mazauniyar jihar ba ce sai ta haihu a can, ta ƙara kwana 90 bayan haihuwa, a kuma sake yi mata barbara da ingarma mai rajista a jihar. Kada ka ɗauke ta ranar suna ka mayar Kentucky, ka dawo kana cewa an cuce ka.

Wahalar tana da lada. Akwai sukuwar da 'yan jiha kaɗai ke shiga a filaye irin su Saratoga da Finger Lakes, kuma in dokin ya ci, mai kiwo na da nasa kason ko da ya daɗe da sayar da shi. Mai kiwo a dokarsu shi ne mai goɗiya a ranar da ta haihu. Ku rubuta wannan tsakaninka da abokin naka tun yanzu, tun zumunci bai yi tsami ba.

Wani kuma ya ce an dawo masa da gashin dokin da ya aika don gwajin DNA na tabbatar da asali. Na san abin da ka yi: almakashi ka sa. Na gaji da maimaita wannan. Gashin da aka yanke banza ne, abin da ake nema yana saiwa. Ka naɗe 'yan silaye kaɗan na geza ko wutsiya a yatsa, kusa da fata, ka fizge lokaci ɗaya. Ɗaga su a haske, za ka ga ɗan farin ƙulli a gindin kowane sili, shi ne saiwar. In ba ka gan shi ba, sake. Ga ɗan duƙushi na wutsiya ya fi, domin na geza siriri ne, yana tsinkewa. Gashin ya zama busasshe, kada ka shafa masa man ƙyalli mai tsada kafin ka cira, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa wani dokin, gudun gashi ya cakuɗe. Da shi za a tabbatar uwa da uban da ka rubuta su ne na gaskiya. Tun daga waɗanda aka haifa a 2017 kuma, dole a sa wa duƙushi 'yar na'urar shaida, kamar ƙwayar shinkafa, a gefen hagu na wuya.

Mai tambaya kan barbara ta hanyar allurar maniyyi: Jockey Club ba ta karɓa, sai ingarma ya hau da kansa.

Mai goɗiyar da za ta haihu ƙarshen Disamba kuwa, sai ka yi addu'a haihuwar ta ɗan jinkirta. Duk Thoroughbred a Amurka ranar 1 ga Janairu yake ƙara shekara, don haka wanda ya faɗo 30 ga Disamba, da kwana biyu a duniya za a lissafa shi ɗan shekara ɗaya. Cikin goɗiya wajen kwana 340 ne. Badi ka bari sai tsakiyar Fabrairu kafin ka kai ta wurin ingarma.