Amsa kan ɗakin natsuwa na yara masu galahanga

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɗakin nan mai fitilu kala-kala da kika gani a bidiyo yana amfanar yaro mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, kuma ko sai mai hali ne zai iya haɗa shi. Ɗana shekararsa 9, kuma shekara 3 ke nan da muka ware masa irin wannan wuri a gidanmu a Birnin Kebbi.

A ƙasar Holan aka fara irin wannan ɗaki a shekarun 1970, inda Ad Verheul da Jan Hulsegge suka bunƙasa shi, ana kiran sa Snoezelen. Dalilin yin sa ga yara masu galahanga shi ne, da yawa daga cikin yaran nan ƙwaƙwalwarsu ba ta tace abin da ke shigowa ta ido da kunne da fata yadda tamu ke yi, shi ya sa wani ke gudun ƙara, wani kuma ke neman motsi da taɓe-taɓe ba ya gajiya.

Kuskurena na farko shi ne sayen kaya kafin in lura da yaron. Fitilar da na kashe wa kuɗi ita ce ta fi tayar masa da hankali, bargo mai nauyin da aka yabar mini kuwa, a zafin Afrilu na garin nan ai azaba ce. Da na yi makonni ina rubuta abin da ke faruwa kafin ya fara kuka yana toshe kunne, sai na gane cewa janaretan maƙwabta da injin markaɗe ne damuwarsa. Muka mayar da shi ƙuryar da ta fi nisa da titi, muka sa labule mai kauri da katifa a ƙasa, da lilo, da roba cike da shinkafa wadda yake cusa hannu a ciki, amma ba na barin sa shi kaɗai da ita saboda kada ya tura a hanci.

Ɗakin bai warkar da shi ba, bai kuma buɗe masa baki ba. Buɗe baki aikin masu koyar da magana ne. Amfaninsa a wurinmu shi ne rikicin ya rage tsawo, kuma yanzu da kansa yake kama hannuna ya kai ni can tun abin bai yi tsanani ba. Don Allah kada ki taɓa kulle shi a ciki da sunan horo, domin daga ranar zai daina shiga.