Amsa ga ƙanena a Katsina kan bututun kabon da maganaɗisu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kana so ka fito waje ka yi bincike kan nanotub na kabon a cikin maganaɗisu, tunda gida babu kayan aiki. Haka ne, babu. Amma nan Turai ma ba kowace jami'a ke da su ba.

Ka ɗauki shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya, ka naɗe ta kamar tabarma, shi ne nanotub. Sumio Iijima ya bayyana shi a Japan a 1991. Yanayin naɗin ke raba gardama: kusan ɗaya cikin uku na wuce da lantarki kamar ƙarfe, sauran semikondakta ne, wato tsaka-tsaki tsakanin mai wuce da lantarki da mai tare shi. A 1993 wasu masana fiziks biyu na Japan, Ajiki da Ando, suka nuna cewa idan maganaɗisu ya bi tsawon bututun, mai halin ƙarfe na iya rikiɗewa ya zama semikondakta.

To ga inda gizo ke saƙar. Canjin zagaye yake yi yayin da ake ƙara ƙarfin maganaɗisu, kuma bututu mai faɗin nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) sai ya sami tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) wajen 5,000 kafin canjin ya kewayo inda ya faro. Na'urar MRI ta asibiti tesla 1.5 ce ko 3. Babban maganaɗisun Talahasi a Amurka tesla 45 ne, shi ma sai ka rubuta takardar nema ka bi layi, kuma somin-taɓin canjin kawai za ka gani.

Batun wuce da zafi kuwa, an auna sama da wat 3,000 a mita-kelbin (ma'aunin yadda abu ke wuce da zafi) a bututu guda, alhali jan ƙarfe wajen 400 yake. Sai dai girgizar atom ke ɗaukar yawancin zafin, ba ilektron ba, shi ya sa maganaɗisu bai cika taɓa shi ba. Da ni ne, ba zan ɗora bincikena a nan ba.

Ka lura, Ajiki da Ando da lissafi suka gano nasu, gwaji daga baya ya biyo. Wannan kana iya farawa daga ɗakinka a Ƙofar Ƙaura. Ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ka lissafa matakan makamashin ilektron a bututun, ka sa maganaɗisu ka ga giɓin da ke tsakanin matakan, wanda ke mayar da bututun semikondakta, yana buɗewa. Da wannan a hannu sai ka nemi difloma ta shekara ɗaya a ICTP da ke Tiriyeste, Italiya, cibiyar nazarin fiziks ta duniya da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964. Suna ɗaukar nauyin ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Ta nan na shigo.

In Allah Ya sa ka samu, ka taho da rigar sanyi ta gaske, iskar garin nan ta sa na daina kukan hunturun Katsina. Ka gaishe min da Hajiya.