Allurar Botox don matsewar jijiyoyin gindin wuya: in yarda a yi mini?

Tambaya: Malam, ni tela ce a Gwammaja. Shekara biyu ke nan hannuna na dama yana sagewa daga kafaɗa har zuwa ɗan autan yatsa, musamman idan na ɗaga shi in shanya kaya. Likita ya ce jijiyoyi ne suka matse a gindin wuyana, ya kuma ambaci allurar Botox mai sassauta tsoka. Ƙanena ya ce zai sayo mini ita da rahusa a yi mini a kemis. Shin tana da illa?

Amsa: Malama, Allah Ya ba ki lafiya. Jijiyoyin da ke sarrafa hannu suna fitowa daga wuya, su ratsa tsakanin wasu tsokoki biyu, su bi ta kan haƙarƙari na farko kafin su gangara hannu. Idan tsokokin suka ɗaure, sai hanyar ta ƙuntata. Botox kuwa guba ce ta wata ƙwayar cuta da aka tace aka mayar magani, aikinta shi ne hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai tsokar ta saki. Takan fara aiki cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, ta gushe bayan kimanin wata uku.

Illar da ta fi damuna ita ce ta haɗiya, domin maganin yana iya malala zuwa tsokokin maƙogwaro da ke maƙwabtaka da wurin. Mutum zai ga lomar tuwo tana tsaya masa, ko ya riƙa ƙwarewa da ruwa, wani lokaci murya ta dishe, kuma hakan kan ɗauki makonni kafin ya wuce. Wuya ma yakan yi rauni, abin da mai wuni sunkuye a kan keken ɗinki za ta ji fiye da kowa. Zafi a wurin allura da kasala irin ta mura ƙananan abubuwa ne.

Akwai wata illar da ba ta yawan faruwa amma ba a wasa da ita. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta gargaɗi a jikin maganin cewa yana iya yaɗuwa nesa da inda aka yi shi. Wahalar numfashi, faɗuwar fatar ido, ganin abu biyu-biyu ko sarƙewar harshe suna nufin a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Batun kemis kuwa, ki ba ƙanenki haƙuri. Ƙololuwar huhu tana daf da wurin, jijiyar da ke motsa tantanin numfashi ta bi ta kan tsokar da za a soka, ga manyan hanyoyin jini a gefe. Shi ya sa ƙwararru suke yin allurar suna kallon bakinta a na'urar sikanin. Ana kuma ajiye Botox a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kin kuwa san halin wutar lantarki a garin nan. Ga jabu, wanda har a Amurka ya kwantar da mutane a asibiti a 2024.

Ko kuɗin zai biya buƙata? Wani gwaji da aka wallafa daga Kanada a 2011, a kan mutum 38, bai ga bambancin a zo a gani wajen rage ciwo tsakanin Botox da allurar ruwan gishiri zalla marar magani ba, ko da yake wasu likitocin suna ganin sauƙi na ɗan lokaci a wajen marasa lafiyarsu. A ganina ki fara zuwa sashen gashin ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki lazimci motsa jikin da za a koya miki na wasu watanni, a kuma gyara tsayin kujerarki.

Idan duk da haka likita ya ga dacewar allurar, ki gaya masa in kina da juna biyu ko kina shayarwa, in kina da ciwon raunin tsoka, ko kina shan maganin tsinka jini. Kada ki manta da jentamisin, allurar da ake yawan yi a kemis, domin tana ƙara wa Botox ƙarfi. Ki nemi a nuna miki kwalbar da lambar NAFDAC kafin a buɗe ta, kuma kada a maimaita kafin mako 12.