Ɗana zai tafi karatu Rasha, uwarsa ta kasa barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya ci bak (jarrabawar kammala sakandare) bana, ya samu bursu (tallafin karatu) zai je karatun likita a Rasha. Uwarsa ta kasa barci: wai babu masallaci, naman alade suke ci, ga kuma yaƙi. Ina mafita?
Wani mahaifi, unguwar Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yaro.

Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta kan batun salla. Shekara shida na yi a Kazan, babban birnin yankin Tatarstan da ke cikin Rasha, ban taɓa rasa Juma'a don rashin masallaci ba. Musulunci ya kafu a bakin kogin Volga tun shekarar 922. Masallacin Kul Sharif da aka buɗe a 2005 yana cikin ganuwar tsohon garin Kazan, babban masallacin Mosko kuwa, wanda aka sake buɗewa a 2015, yana ɗaukar mutum 10,000. Alade akwai shi, musamman a cikin naman da suke kira kolbasa, sai ya riƙa duba tambarin halal. Ranar da kewar gida ta kama ni, wurin Uzbekawa nake zuwa in ci plov, ƴar'uwar dafa-dukarmu ce.

Sanyi ne zai fara ba shi wuya. Ɗarin da muke kuka da shi a Maraɗi wasan yara ne. A Mosko cikin Disamba sai wajen ƙarfe 9 rana ke fitowa, ƙarfe 4 ta faɗi. Kada ku ɓata kuɗi kan rigar sanyi a nan, can zai sayi ta gaske. Shekarar farko ta koyon harshe ce, haruffansu 33. In ya ga ba su yi masa murmushi a hanya, ba ƙiyayya ba ce, ba sa yi wa wanda ba su sani ba. Ranar da suka kira shi gida shan shayi zai ga wani mutuncin.

Abin da ya fi damuna, Alhaji, shi ne kuɗi. Tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, katin Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a can, Western Union ma ya daina. Ku nemi ɗaliban Nijar da ke can su nuna muku hanyar aike kafin ya tashi. Yaron da aljihunsa ya bushe shi dillalai ke rarrashi da alkawarin albashi mai tsoka, kuma an samu ƴan Afirka da suka sa hannu a irin wannan takarda suka wayi gari a fagen daga. Ka zaunar da shi ka sa ya yi maka alkawari: ba zai ba kowa fasfonsa ba, ba zai sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, sai ya kira ka tukuna.